Salaga, Yendi Ko Bawku: A Ina Falke Zai Ajiye Iyalinsa?



Maganar ƙaura ta yi yawa a bakin 'yan ƙungiyarmu a 'yan shekarun nan, kuma ba banza ba. Wanda ke Zamfara ko gabashin Sakkwato ko yammacin Katsina ya san abin da ɓarayin daji suka yi wa garake. Wanda ke bin hanyar Fada Ngurma zuwa Puytenga da Bittu ya san yadda tafiyar yini guda ta koma zaman jiran rakiyar soja. Tun daga juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 kuma, hanyoyin da muka gada suka birkice. Saboda haka mutane da dama suka fara hangen arewacin Gana, suna son su kwashe mata da 'ya'ya su koma can da zama ɗungurungum. Garuruwa uku aka fi ambata, watau Bawku da Yendi da Salaga. Tambayar da nake ji kuwa kullum guda ce: Alhaji, wanne ya fi kasuwa?

To, ni a nawa ganin, wannan tambaya ta mai kai shanu ya juyo ce. Mai ɗauko iyali tambayarsa daban.

Kowa ya zauna ya ƙirga kwana nawa yake yi a ɗakinsa cikin wata guda. Ka je kara ka harhaɗa kaya, ka jira mota, ka bi ta zuwa Kumasi ko Tulaku ta Ashaiman, can kusa da Ankara ta bakin teku. Ka sauke, maigidanka ya raba wa mahauta, sa'an nan a shiga bin bashi, don ba mu taɓa ganin mahaucin da ya biya kuɗin sa goma nan take ba. Mako guda, mako biyu, wani lokaci har uku. Da kuɗin sun haɗu kuma sai komawa kara. Wanda ya kwana goma a gida cikin wata, wannan ya ji daɗi. Ashe ke nan garin da ka zaɓa ba kai ne za ka zauna cikinsa ba. Uwargida ce da yara. Sai a auna garin da ranar da ba ka nan: ranar da yaro zai kwana da zazzaɓi, ranar da ruwa zai ƙare a randa, ranar da za a ji ƙarar bindiga kana can Kurmi wayarka ba caji.

Mu fara da Bawku, tun da ita ce ke jan hankalin kowa.

In dai kasuwa ce, babu gardama. Bawku tana zaune ne a kusurwar ƙasashe uku. Ka bi Kulungugu ka faɗa Burkina ka isa Bittu. Ka bi Pusiga da Pulmakom ka faɗa Sinkase, inda Togo da Burkina suka haɗa baki. Kasuwa tana ci duk bayan kwana uku. Shanu da tumaki da awaki da albasa duk ta nan suke gangarawa. Hausa kuwa ita ce harshen ciniki, matarka ba za ta nemi tafinta wajen sayen daddawa ba. Akwai asibitin mishan da ya yi suna wajen aikin ido, har daga ƙetaren iyaka ake zuwa masa. Duk wanda ya san Bawku a lokacin zaman lafiya ya san gari ne mai albarka.

Amma fa rigimar sarautar garin tsakanin Kusasi da Mamprusi ta girmi yawancin masu karanta wannan takarda. Tun 1957 ake yin ta. Gwamnatin Nkrumah ta tsaya wa Kusasi a 1958. Sojojin da suka kifar da shi a 1966 suka mayar wa Mamprusi. Gwamnatin Rawlings ta sake juya al'amarin a 1983. Magana ta kai Kotun Ƙoli a 2003. An zubar da jini a 2000 da 2001, an kuma a ƙarshen 2007 zuwa 2008, kana wutar ta sake tashi a ƙarshen 2021. Wa ke da gaskiya? Wannan ba hurumin baƙo ba ne, kuma ina jan kunnen 'yan'uwa kada wani ya sa baki a ciki ko da a hirar shayi. Abin da ya shafe mu shi ne abin da rigimar ta jawo wa mai zaman gari. Daga 2021 an yi ta sa dokar hana fita. An hana hawan babur, an hana sa batakari don kada a ɓoye makami a ciki. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da yawa sun nemi a canza musu wurin aiki. A ƙarshen 2024 rigimar ta bi matafiya har kan hanyar Bolga zuwa Tamale, wajen Walewale, ana tare motoci ana kashe mutane. A 2025 sai da aka rufe babbar sakandaren garin bayan an harbe wani ɗalibi.

Sau da yawa ina jin wasu na cewa, ai mu baƙi ne, babu ruwanmu. Malam, dokar hana fita ba ta tambayar ƙabila. In naƙuda ta tashi da ƙarfe biyun dare, ba babur, ba mai fita, sunan asibiti ba zai amfane ta da komai ba. Bugu da ƙari, a garin da aka rabu biyu, baƙo ba shi ke faɗin matsayinsa ba. Unguwar da ya sauka da mutumin da ya saya wa kaya da wanda ya ɗauka dako, su ke faɗa masa ɓangarensa, ko ya so ko bai so ba. Kai namiji da jakarka a kafaɗa, in ka ga alamar hadari sai ka tsallaka Sinkase ka kwana. Mace da yara biyar fa?

Na san a 2025 Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, ya zaunar da ɓangarorin a fadarsa ta Kumasi don sasanci, kuma muna roƙon Allah Ya ɗorar da zaman lafiya, domin mutanen Bawku sun sha wuya. Sai dai sulhu ɗanyen gini ne. A bari ya sha damina biyu ko uku tukuna kafin a kwantar da yara a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma wani abin da masu zumuɗin garin iyaka ke mantawa. Kasuwar iyaka da takarda guda ake kashe ta. A watan Maris na 2020 Gana ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda cutar korona, ba a buɗe ba sai Maris na 2022. Shekara biyu cur. A watan Yunin 2023 cutar saifa ta ɓulla a jihar da Bawku take, hukuma ta hana zirga-zirga da sayarwa da yankan dabbobi, ga Babbar Sallah ta ƙarato, raguna a hannun mutane. A watan Mayun 2025 Nijar ta hana fitar da dabbobi waje gabanin Layya. Ga shi kuma Nijar da Burkina da Mali sun fice daga ECOWAS tun Janairun 2025. Wanda ya kafa gidansa don kara ɗaya tak, ran da aka rufe ta sai ya wayi gari ba ciniki, ga kuma iyali a wurin da dama ba don daɗin zama aka zaɓe shi ba.

Sai Salaga, ko Salga kamar yadda tsofaffi ke faɗa.

Wannan gari yana da wani matsayi a zuciyar Bahaushe. Nan ne Gwanjan da kakanninmu ke tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, su yi wata da watanni a hanya, su kawo kanwa da tufafi da dabbobi su koma da goro. (Bayi ma an sayar a wannan kasuwa, kada mu ɓoye.) Har gobe ka shiga Salaga za ka ji Hausa a bakin yara a kan titi, wadansu ma da ita suka buɗe baki. Ga malamai, ga makarantun allo, ga gidajen da asalinsu ƙasar Hausa ne tun kaka da kakanni. Matar da aka ɗauko daga Illela ko Madawa, wadda ba ta jin kowane yare sai Hausa, a Salaga za ta fi saurin sakewa. Cikin mako guda ta sami maƙwabciyar da za ta bar wa yara, cikin wata guda an gayyace ta suna. Wanda bai taɓa ajiye mace a garin da ba ta da abokin magana ba, ba zai san girman wannan ba. Abinci kuma da sauƙi, ƙasar doya ce da rogo da masara, ga kifi daga tafki.

Tarihin garin kansa darasi ne a kan abin da nake faɗa. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, goron Asante ya daina zuwa Salaga kamar da, ciniki ya karkata wajen Kintampo da Atebubu. A 1892 rigimar sarautar Kpembe, wadda ke nan gefen gari, ta zama yaƙi, baƙin da ba su da hannu a ciki suka watse. Cikin waɗanda guguwar ta kwasa har da Malam Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya ƙare zamansa a Kete-Krachi, ya rasu can a 1934. Daga baya kuma da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwan tafkin Volta ya shiga tsakanin Yeji da Makango, babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale ta koma ta Kintampo da Buipe, aka bar Salaga a gefe. Gari ɗaya, kasuwa ta guje masa har sau uku. A 1994 ma, lokacin yaƙin da ake kira yaƙin zabo tsakanin Konkomba da maƙwabtansu Nanumba da Dagombawa da Gwanjawa, yankin Salaga ya ɗanɗana, kamar yadda Yendi ta ɗanɗana, har aka ƙulla yarjejeniyar Kumasi a 1996.

Yau dai abin da zai dami mai iyali a Salaga abu biyu ne, ruwa da hanya. Garin ya yi suna da yawan rijiyoyi, amma yawan rijiya alama ce ta wahalar ruwa, ba ta wadata ba. Daga Fabrairu zuwa Afrilu za ka gane. Kafin ka biya kuɗin haya, ka tambayi matan gidan, ba mai gidan ba, daga ina suke ɗebo ruwa da bazara kuma nawa ne jarka. Hanya kuma, Tamale tana wajen kilomita 120, kuma mutanen garin sun daɗe suna kuka da wannan hanya. In kudu za ka yi ta gajeriyar hanya, sai ka jira jirgin fito a Makango, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa da shanu talatin cikin mota rana tana dukansu ya san abin da jira yake ci. Tun 2019 an sa Salaga cikin sabuwar jihar Sabana, hedkwatarta kuwa Damongo, can yamma, sai ka ratsa Tamale kafin ka kai. Don haka ni Salaga ina ganin ta dace da dattijon da cinikinsa ya kafu, yana da yaran da ke bin mota a madadinsa, yana son wurin da 'ya'yansa za su yi karatu cikin natsuwa. Saurayin da ke juya jari kowane mako biyu zai ga garin ya yi masa nisa da komai.

Yendi ba ta da sunan Salaga a wurinmu, ba ta kuma da hayaniyar Bawku. Amma in aka tilasta ni in zaɓi ɗaya cikin ukun domin mai matsakaicin jari da ƙananan yara, ita zan nuna.

Ba don ba ta taɓa ganin tashin hankali ba. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya Na Yakubu Andani II tare da mutanensa da dama a rigimar gidajen Abudu da Andani, aka sa dokar ta-ɓaci, garin ya daɗe a cikin zullumi. Shekara 17 aka yi ana kai da kawowa, kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Sarkin Asante yana ta fama, har aka naɗa Ya Na Abukari Mahama II a watan Janairun 2019. Bambancin shi ne wannan sulhu ya sha damina da yawa yanzu, an yi bukukuwan Damba a kansa shekara bayan shekara. Tamale kuma tana wajen kilomita 100 kan kwalta, kuma a can ne babban asibitin koyarwa na arewa yake, ban da asibitin gwamnati da ke cikin Yendi kanta. Wajen sana'a kuwa ba ka ɗaure da ƙofa guda ba. Arewa da kai ga karar Gushegu. Gabas ga Zabzugu da Tatale, iyakar Togo. Kudu ga Bimbilla. In an rufe wannan sai ka juya wancan. 'Yan'uwanmu Zabarmawa ma ba baƙi ba ne a garin, kabarin Babatu yana nan.

Laifinta kuwa ba zan rufe ba. Ruwa yana wahala da rani kamar Salaga, domin garin ya dogara ne da kogin Daka, shi kuwa yana ja baya in zafi ya yi. Dagombanci ne ke mulki a titi da kasuwa, Hausa sai a zango da wajen 'yan ciniki, saboda haka uwargida za ta ɗan sha kaɗaici da fari. Sa'an nan ga 'yan'uwanmu Fulani musamman: a watan Afrilun 2022 an kai hari a Zakoli, kusa da Yendi, aka kashe mutane aka ƙone rugage. Shawarata, in kana da garke a daji a hannun makiyayi, garken ya zauna can, amma iyali su zauna cikin gari, a unguwar da Sarkin Zango da limami suka san da zamansu. Ranar da ka sauka, kafin ka je kara, ka nemi wanda zai kai ka ka gaida masu gari da goronka. A ƙasar Dagbon wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ko wane gari ka zaɓa, akwai maganar takardu, kuma a nan ne mutanenmu suka fi sakaci. Tsofaffinmu ba su manta Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, mutane suka sayar da gidaje da shanu a wulaƙance. Dokar ECOWAS kwana 90 ta ba ka ba tare da biza ba, wannan ziyara ce, ba zama ba. Mai zama sai ya nemi izinin zama da katin shaida irin na baƙi. A Gana haihuwa a ƙasar ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa, sai in uwa ko uba ko ɗaya daga kakanni ɗan ƙasa ne, don haka ka yi wa kowane yaro takardar haihuwa ka adana, ka kuma riƙe takardunsa na gida. Tsarin mulkin 1992 bai yarda baƙo ya mallaki fili har abada ba, haya ce ta shekara 50 iyaka. Wanda ya ce maka ya sayar maka da fili ya zama naka da jikokinka, ka nemi lauya kafin ka ƙirga masa sidi ɗaya. Masu gidajen haya kuma sun saba karɓar kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ko da yake doka wata shida ta ce, saboda haka ka ware wannan daga jari tun kafin ka taso. A yi wa iyali rajistar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa tun 2003, kada a jira sai ciwo ya zo.

Makaranta kuma, yaron da ya taso da Faransanci a Nijar ko Burkina tilas a mayar da shi baya aji ɗaya ko biyu, don a nan da Turanci ake karatu. Gara a kawo shi yana ƙarami. Abin da ya burge ni shi ne tun 1987 hukumar ilimi ta Gana tana da sashen makarantun Islamiyya, inda ake haɗa boko da Larabci a rana guda kuma gwamnati ce ke turo malaman boko. Mu da muka yi Islamiyya zalla muka tashi muna biyan wani ya karanta mana takardar kwastan, mun san darajar wannan.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce, Alhaji, kana so mu yi gida biyu ke nan, ɗaki a Bawku, iyali a Yendi, haya biyu, tukunya biyu, kuma namiji ya yi nisa da iyalinsa ba alheri ba ne, tarbiyyar yara sai da uba. Maganar tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Sai dai falke dama can ba mazauni ba ne, mun riga mun ƙirga. Tabarma a shagon maigidanka a bakin kara ba ta kai kuɗin bijimi ɗaya a shekara ba. Kwashe iyali cikin dare kuwa, a bar kayan ɗaki da kuɗin hayar da aka biya na shekara biyu, yara su rasa zangon karatu, wannan ya fi bijimi biyar. Tarbiyya kuma, uban da ya dawo ya sami kwana bakwai cikin kwanciyar hankali ya fi amfani ga ɗansa da wanda ke gida amma kowa na kwance a ƙasa ana sauraron harbi.

Kada kowa ya ɗauko iyali a kan labarin da ya ji a tasha, har da wannan nawa. Ka je da ƙafarka sau biyu, sau ɗaya a watan Maris ka ga ruwa, sau ɗaya a watan Agusta ka ga hanya. In da hali, tafiya ta biyu ka tafi da uwargida ta kwana uku a gidan wata 'yar'uwa a zango, don abin da mata za su faɗa mata a madafa ba za a faɗa maka a masallaci ba. Shekarar farko ka kama haya, kada ka sa tubali.

Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiya, a taro mai zuwa, a buɗe littafi a rubuta sunayen 'yan'uwanmu da suka riga suka zauna da iyali a waɗannan garuruwa uku da Tamale, da unguwar da kowa yake, domin mai niyyar ƙaura ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.